Busasshen furotin na tsirrai a manyan tukwane: zai yi mana kuwa?

Hajiya_Mai_Kicin:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayata ga masu girkin jama'a ce, masu ciyar da makarantun kwana, kantin ma'aikata, asibiti ko biki. Kwanan nan ina ta cin karo da ƙananan kamfanoni a Indiya, Amurka, Jamus, har da Legas, masu yin abin da zai tsaya a madadin nama daga waken suya da sauran dangin wake. Busasshe ne, a buhu ko a leda, ba ruwansa da firiji, sai ya yi watanni a sito. Kuma da yawansu mu suke nema, masu manyan tukwane, ba matan gida ba. Ni yaran makarantar kwana nake ciyarwa, abu biyu ke cinye min riba: kuɗin nama, da dizal ɗin da ke riƙe da firiza. Don Allah akwai wanda ya taɓa sa wannan abu a girki mai yawa? Yana jure irin dahuwar miyarmu? Lissafin yana fita?

Abba_Shawarma:
Wa alaikumus salam Hajiya. Ni dai a shawarma ba zan sa ba. Wanda ya biya kuɗin kaza, kaza zai ci.

Injiniya_Sadiq:
Hajiya sannu da ƙoƙari. Bari in fara da yadda ake yin sa, don rabin amsarki tana nan. Yawancin busasshen da kike gani na waken suya ne. Ana fara tatse man waken, abin da ya rage a niƙe shi ya zama gari. In kin san tunkuza, to matsayinsa ke nan, sai dai ita ta gyaɗa ce. Garin nan kusan rabinsa furotin ne. Sai a ɗan jiƙa shi, a tura shi cikin wani inji mai dogon bututu da ƙarfe mai murɗawa a ciki, ana ce masa ekstiruda. Zafin ciki yakan kai digiri 150 ko ya wuce, ga matsi mai ƙarfi. Yana fitowa ta bakin injin ruwan jikinsa zai tashi ya zama tururi nan take, abin ya kumbura ya yi zare-zare irin na tsoka. Sai a yanka, a busar, har danshinsa ya koma ƙasa da kashi 10 cikin 100. Rashin ruwan nan shi ne abin da ke sa ya daɗe. Ƙwayoyin cuta da fumfuna ba sa yaɗuwa inda babu danshi, saboda haka ba a ma buƙatar wani maganin hana lalacewa.

Kuma abin ya daɗe. Kamfanin Archer Daniels Midland na Amurka ne ya fito da shi tun shekarun 1960, da sunan TVP. A 1971 gwamnatin Amurka ta yarda a riƙa haɗa shi da nama har kashi 30 cikin 100 a abincin makarantu. Kin ga tun asali irin kicin ɗinki aka yi wa shi. Abin da sababbin kamfanonin nan suke ƙarawa shi ne rage warin wake, gyara yadda yake taunuwa, da amfani da wasu iri kamar waken fis ko alkama a maimakon suya kaɗai.

Maman_Hanifa:
Injiniya, wato dai awara ce da aka busar?

Injiniya_Sadiq:
A'a Maman Hanifa, hanyarsu daban. Awara ana jiƙa wake, a niƙa, a tace madarar, a dafa, a zuba ruwan tsami ta haɗu, a matse. Man waken yana ciki, ruwa kuma ya fi komai yawa a jikinta, shi ya sa take saurin tsami. Wannan kuwa an cire mai, an cire ruwa, zafi da matsi ne suka ba shi zare.

Maman_Hanifa:
To na gane. Ni da nake awara kullum na san wannan ciwon. In ban soye ta ba har ta kwana a lokacin zafi, da safe sai dai in zubar.

Dalibi_a_Indore:
Hajiya, ni a Indore nake karatu, jihar Madhya Pradesh, inda nan ne cibiyar noman waken suya a Indiya. A nan wannan abin ba na 'yan gayu ba ne, abincin talaka ne da ɗalibai. Kowane ƙaramin kanti za ki tarar da kwalin Nutrela, na kamfanin Ruchi Soya wanda kamfanin Patanjali ya saya a 2019. A ɗakin cin abincinmu ana sa shi a shinkafa dafa-duka da miyar dankali, ga ɗaruruwan mutane.

Na tsaya na ga yadda kukunmu yake yi. Ruwa yake tafasawa da gishiri, ya juye busassun ciki, minti 5 zuwa 10 su kumbura. Sai ya tsame a kwando, ya sheƙa musu ruwan sanyi, ya riƙa ɗiba da hannu biyu yana matsewa har ruwan mai kumfa ya daina fita. Ya ce wannan matsar ita ce aikin gaba ɗaya, wanda ya tsallake ta zai ji warin wake a miyarsa. Bayan nan ya cakuɗa su da citta da tafarnuwa da barkono, ya soya sama-sama, sannan su shiga miya.

Ta ɓangaren sababbin kamfanoni kuma akwai GoodDot a Udaipur, sun fara a 2016. Su tun farko suka ce ba za su dogara da firiza ba, don Indiya ma tana da matsalar wuta da motocin sanyi a ƙauyuka. Wasu kayansu ma ba busassu ba ne, dafaffu ne a cikin leda mai kauri da aka rufe ruf.

Ummu_Sultan:
Dafaffe a leda kuma ba firiji? Wannan kam ban yarda da shi ba. Me suka zuba a ciki?

Injiniya_Sadiq:
@Ummu_Sultan, hanyar kifin gwangwani ce. Ana rufe ledar da abincin a ciki, a sa ta a babbar tukunyar matsi a digiri 121 har duk ƙwayar da ke ciki ta mutu. Tunda iska ba ta shiga, babu abin da zai ɓata shi. Sharaɗin shi ne kada ledar ta huje. Duk wadda kika ga ta kumbura, ki jefar, kada ma ki ɗanɗana. Amma ga mai babban kicin wannan nau'in ya fi tsada, don kina biyan kuɗin ruwa da leda da dakon nauyi. Busasshen ya fi dacewa da Hajiya.

Ga lissafin da ta tambaya. Kilo 1 na busasshe in ya sha ruwa yana komawa kusan kilo 3. Tunda rabinsa furotin ne, bayan ya jiƙa zai zama wajen kashi 16 zuwa 17 cikin 100. Ɗanyen naman sa marar kitse yana wajen kashi 20. Saboda haka ki raba kuɗin kilo ɗaya gida uku, ki gwada da kuɗin kilon tsoka zalla a kasuwarku, ba tare da ƙashi ba.

Dan_Sarkin_Fawa:
Injiniya da girmanka, wannan lissafin na takarda ne. Hajiya ba furotin take saye a wurinmu ba, nama take saye. In ta ɗauki cinya ɗaya, ta samu tsoka, ta samu kitse, ta samu ƙashi da ɓargo, ta samu romon da zai ɗauki tukunyar miya gaba ɗaya. Wake zai ba ta romo? Yaro yana buɗe kwano ƙamshin nama yake fara ji kafin ya ga yanka. Ku cire wannan ku ga yawan dunƙulen da za ku zuba kafin miya ta yi daɗi. Sannan maganar abin da ba ya lalacewa, ai mu muna da kilishi da dambun nama tun kaka da kakanni.

Hajiya_Mai_Kicin:
Ɗan Sarki, maganar romo gaskiyarka ce, ban musa ba. Amma kilishi ga yaran makaranta? Ai sai dai in rufe kicin ɗin. Nama kilo nawa ke ba da kilishi kilo ɗaya, kai ka fi ni sani.

Kuku_Bronx:
Salam jama'a. Ni ɗan Kumasi ne, ina aiki a kicin ɗin wani gidan kula da tsofaffi a Bronx, cikin birnin New York na Amurka. Bari in ba ku yadda abin yake a nan, don na ga tashinsa na ga saukarsa.

A 2019 ba a maganar komai sai Beyond Meat da Impossible Foods, kamfanoni biyu masu yin nama daga tsirrai. Beyond ta shiga kasuwar hannun jari a watan Mayu na shekarar a kan dala 25, zuwa Yuli ta haura dala 230. A shekarar ce Burger King ta fara sayar da Impossible Whopper, boga mai naman tsirrai. Zuwa ƙarshen 2023 hannun jarin Beyond ya faɗo ƙasa da dala 10. Dalilin a fili yake ga duk mai aiki a kicin: kayansu sun fi naman gaske tsada, suna cin wuri a firiza kamar nama, kuma mutane da yawa sun gwada sau ɗaya ba su koma ba.

To wannan ne ya sa wasu ƙananan kamfanoni suka sauya hanya. Suka daina kokawar shiga manyan kantuna, suka koma sayar wa masu girki da masu sarrafa nama kai tsaye. Akwai The Better Meat Co. a Sacramento, wanda Paul Shapiro ya kafa a 2018. Su ba su ce ka bar nama ba, cewa suka yi ka haɗa. A 2019 kamfanin kaji na Perdue ya fito da Chicken Plus, kaza haɗe da kayan tsirrai, da sinadarinsu a ciki. Daga baya Better Meat suka koma noman wani nau'in naman gwari a cikin tankuna, su busar da shi, suna kiransa Rhiza. A Jamus kuma akwai Greenforce ta birnin Munich, gari suke sayarwa na waken fis, ka kwaɓa da ruwa ka mulmula ka soya.

Asibitocin gwamnatin birnin New York tun 2022 abincin tsirrai suke fara miƙa wa marar lafiya, sai in ya ce nama yake so a kawo masa. Irin waɗannan manyan masu saye su ne kowa yake bi yanzu.

A namu kicin ɗin, niƙaƙƙen muke amfani da shi, ba manyan yanka ba. Muna jiƙa shi da romo mai zafi minti 10 zuwa 15, mu haɗa da niƙaƙƙen nama kashi ɗaya cikin uku, a miyar taliya. A nan yake ɓacewa sarai. Manyan yankan kuwa tsofaffinmu ba sa so, suna ture su gefen faranti.

Abba_Shawarma:
Yaya Kuku, "yake ɓacewa sarai" ɗin nan ne matsalata. Wato mai ci bai san an haɗa ba ke nan.

Kuku_Bronx:
A'a Abba, a rubuce yake a takardar abincin kowace rana. Waken suya da alkama ma suna cikin abubuwan da dokar Amurka ta wajabta a bayyana a jikin kwali ko ledar kayan abinci, saboda masu borin jini. Abin da nake nufi shi ne harshe ba ya bambancewa, ba wai ana ɓoyewa ba.

Malam_Tukur:
Alhamdu lillahi da Abba ya tayar da wannan. Waken suya halal ne, babu mai jayayya. Abin da ya kamata mai saye ya duba shi ne kayan ƙamshin da ake ƙarawa, musamman a na waje, domin wasu ana narkar da su da barasa, wasu kuma ana sa musu ɗanɗanon da aka ciro daga dabba. A nemi mai shaidar halal, ko a sayi wanda ba a sa masa komai ba.

Amma babban abin shi ne ha'inci. Hadisin da Muslim ya ruwaito sananne ne, Manzon Allah (SAW) ya sa hannu a tarin abincin wani mai sayarwa ya ji jiƙaƙƙe a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. In Hajiya ta yi yarjejeniya da makaranta a kan yanka biyu na nama, ta kawo ɗaya nama ɗaya wake ba ta faɗa ba, ta ci haƙƙi ko da waken ya fi amfani a jiki. In kuwa ta zauna da hukumar makaranta da iyaye ta ce ga abin da zan yi, ga ragin da za a samu, suka amince, to babu komai.

Hajiya_Mai_Kicin:
Allah ya saka da alheri Malam. Wallahi ban da niyyar ɓoyewa. Ni burina ma yaro ya samu abin taunawa kullum, maimakon yanka ɗaya sau biyu a mako da kwangilar ta iya ɗauka yanzu. Sauran ranakun miya ce tsura.

Baban_Walid:
Ni abin da nake ji shi ne waken suya yana rage wa namiji ƙarfi, wai yana da sinadarin mata. Makarantar maza ce ko ta mata, Hajiya? A bi a hankali.

Dr_Aisha_Abinci:
Baban Walid, wannan maganar ta yaɗu sosai, bari in warware ta. Waken suya yana da wani sinadari, isofilabon, wanda ƙirarsa ta yi kama da sinadarin mata, amma ƙarfinsa a jikin mutum kaɗan ne ƙwarai. An tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan maza an duba su gaba ɗaya a 2010, aka sake a 2021, duka biyun ba a ga ya rage sinadarin maza ba. Mutanen Sin da Japan sun yi ɗaruruwan shekaru suna cin sa. Mu ma nan yaran da ke cin awara a bakin makaranta kullum fa?

Abin da ya kamata Hajiya ta damu da shi daban ne. Furotin ɗin suya mai kyau ne, yana cikin mafi cika a tsirrai. Amma ba shi da bitamin B12, wanda daga nama, kifi, ƙwai da madara ake samunsa. Sinadarin ƙarfen da ke cikinsa ma jiki ba ya zuƙarsa kamar na nama, kuma 'yan mata masu tasowa suna cikin masu yawan fama da ƙarancin jini. Don haka ni ba zan ba da shawarar a cire nama gaba ɗaya daga abincin yara ba. A haɗa, ko a riƙa karɓa-karɓa, ƙwai da kifi su ci gaba da zuwa. Tumatir da tattasai da lemo suna taimaka wa jiki ya zuƙi ƙarfen. Sai kumburin ciki: akwai wasu nau'o'in sukari a wake da hanji ba ya narkarwa, su ke kawo iska. Tafasawa da matsewar da ɗalibinmu na Indore ya faɗa tana rage su. A fara da kaɗan. Kuma kafin a fara a tambayi iyaye ko akwai yaron da suya ko alkama ke tayar masa da borin jini.

Baban_Walid:
To Likita na ji. Amma ni dai gara a bar yara da wake da shinkafarsu da muka sani.

Ummi_Lusaka:
Ina zaune a Zambiya da maigidana. Ku da kuke kallon Amurka da Jamus, ku waiwayo nan kusa. A Zambiya da Malawi wannan abin ya zama abincin yau da kullum, ana sayar da shi a ƙananan ledoji a kowane shago, a ci da tuwon masararsu. Makarantun kwana suna saye buhu-buhu. A Kenya akwai Sossi, na kamfanin Promasidor, su ɗin dai masu madarar Cowbell da Onga da muka sani. Afirka ta Kudu ma suna da Imana da Knorrox. Babu wanda yake kiransa abincin masu ƙin nama a nan, kowa ya san arha ce ta kawo shi. Wannan ne nake ganin kamfanonin Turawa ba su gane da wuri ba.

Amma in faɗa miki gaskiya Hajiya, yaran makarantun kwana na nan da yawa sun gaji da shi, saboda ana dafa musu shi da ruwa da gishiri kawai, kullum. Wanda aka soya da albasa da tumatir kuwa har manya suna nema.

Chef_Bilkisu_Abuja:
Bari in amsa ainihin tambayar, wato dahuwa, don na gwada a girkin taro.

Inda ya yi kyau: sambusa, mitfai, cikin shawarma na niƙaƙƙen nama, miyar taliya, dafa-duka. Duk inda nama yake a niƙe kuma kayan ƙamshi suka yi yawa.

Inda bai yi ba: farfesu, da miyar kuka ko kuɓewa in an bar shi ya daɗe a wuta. Ba ya narkewa, matsalarsa ita ce yana ta shan ruwa har ya yi laushin da haƙori ba ya jin komai. Nama yana ƙara daɗi da daɗewa a wuta, shi kuwa yana raguwa. Maganin da na samu: bayan na matse, in jiƙa shi a romon ƙashi mai daddawa da citta da masoro, in soya har gefensa ya yi ja, in ajiye gefe. Sai miya ta kusa sauka, saura minti 10, in zuba. Kuma @Dan_Sarkin_Fawa, ka kwantar da hankalinka, ƙashi da kitse dai a wurinku zan saya, in babu su abin ba ya ciwuwa.

Wata shawara: ku sayi wanda ba a sa wa ɗanɗano ba. Na taɓa karɓar na wani kamfani mai ɗanɗanon kaza, gishirinsa ya yi yawa har ya kashe min miya, kuma ƙamshin bai yi kama da girkinmu ba. Mai ɗanɗanon ya fi tsada, alhali kayan ƙamshi muna da su.

Dan_Sarkin_Fawa:
To kun ga ni. Sai da ƙashina abin ya yi daɗi. Anti Bilkisu ta gama magana.

Hajiya_Mai_Kicin:
Bilkisu ƙanwata Allah ya yi miki albarka, wannan nake nema. Na Legas ɗin fa, akwai wanda ya san su?

Sani_Agege:
VeggieVictory kike nufi. Hakeem Jimo da Bola Adeyanju ne suka buɗe shi a 2013, a matsayin gidan abincin da ba a sa nama ko wani abin dabba, daga baya suka fara yin Vchunks, busasshe a leda, ba ya son firiji. Ana samunsa a wasu manyan kantuna a nan. Ki tuntuɓe su ki ji farashin sari, don na kanti ba zai nuna miki lissafin gaskiya ba. Ki kuma sa kuɗin mota daga Legas zuwa Arewa a ciki.

Dan_Dawanau:
Ni abin da ke ci min rai a duk wannan zancen shi ne, waken nan a gabanmu yake wucewa. Daga Kaduna, Binuwai, Kano, Katsina ake noma shi, cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta fitar da iri masu kyau da manomanmu ke shukawa. Ana loda shi a tirela, a kai kamfanonin mai, a tatse, dusar ta tafi abincin kaji, wani kuma a fitar da shi waje ɗanye. Sannan mu zo muna tambayar farashin wanda aka sarrafa a Indiya da dala. Me zai hana matasanmu su kafa injin a Kano ko Zariya?

Injiniya_Sadiq:
Alhaji, tambayar da ke hana ni barci ke nan. Abu uku ne a gaba. Na farko, dusar da ake yi wa kaji ba ita ake so ba. An gasa ta da zafi sosai, furotin ɗinta ya riga ya dahu, ba zai yi zare mai kyau a inji ba, kuma ba a tsaftace ta don cin mutum ba. Ana buƙatar garin da aka ɓare bawonsa, aka cire mai da ɗan zafi kaɗan. Sai kamfanin mai ya yarda ya ware layi don wannan. Na biyu, ekstiruda da na'urar busarwa suna shan wuta sosai, kuma in wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki kayan suna daskarewa a cikin bututun, sai an kwance an kankare. Wato dizal ɗin da Hajiya ke gudu, mai masana'anta ne zai saya a madadinta, sau ɗaya, maimakon kowane kicin ya riƙa kunna janareta dare da rana. Na uku, rajistar NAFDAC da gwajin dafin fumfuna a kan kowane kaya. Duk mai yiwuwa ne, amma sai an samu masu saye tabbatattu kafin a zuba jari. Da masu ciyar da makarantu goma za su haɗu su ce za mu ɗauki adadi kaza duk wata, da an samu mai kafawa.

Alhaji_Mai_Kwangila:
Ni gargaɗi zan yi a matsayin wanda ya daɗe yana kai abinci ma'aikatu. Ƙaramin kamfani yau yana nan, gobe jarinsa ya ƙare. Na taɓa gina jadawalin abinci a kan kayan wani sabon kamfani, ba na furotin ba, muna tsakiyar kwangila suka daina kawowa. Kada ki sa hannu a takardar da ta dogara da mai kawo kaya ɗaya. Mahauci in ya saɓa, akwai wani a rumfar gaba. Wannan kuwa in ya yanke sai ki jira mota daga Legas ko jirgin ruwa. Kuma duk abin da aka shigo da shi, farashinsa yana bin dala.

Sai ajiya. An ce ba ya lalacewa, amma a sito irin namu akwai ɓera, akwai ƙwari, akwai danshin watan Agusta. A ɗora buhu a kan katako, nesa da bango, wanda aka buɗe a juye a durom mai murfi.

Chef_Bilkisu_Abuja:
Ƙari a kan maganar Alhaji: daɗewar tana nan ne muddin yana bushe. Da zarar ya sha ruwa, hukuncinsa hukuncin nama ne. Ku gaya wa yaran kicin, kada a jiƙa da safe a bar shi a roba har yamma a wannan zafin. A jiƙa abin da za a dafa yanzu kawai. Akwai kuma nau'in da ake yi da cikakken wake ba a cire mai ba, shi man jikinsa yana lalacewa a zafi, ya fara ɗaci. Ku karanta kwali.

Zinariya_Maradi:
Ina gaisuwa daga Maraɗi. Duk kuna ta maganar suya da fis. Mu nan wake muke da shi, farin wake, Najeriya da Nijar su ne kan gaba a duniya wajen noma shi. Matanmu suna yin beruwa da garinsa, a turara a shanya, ta yi watanni ba ta lalace ba, kuma ana sayar da ita a leda. Injiniya, shi ba za a sa shi a wannan injin ba?

Maman_Hanifa:
Tambaya mai kyau. Ga ƙuli-ƙuli ma, in aka daka aka zuba a kwaɗon zogale ai furotin ne, kuma yara suna so.

Injiniya_Sadiq:
@Zinariya_Maradi, farin wake furotin ɗinsa wajen kashi 23 zuwa 25 ne, sauran yawanci sitaci. In aka sa garinsa haka nan a inji zai kumbura ya yi garas-garas, ba zai yi zaren tsoka ba, don zaren yana son furotin ya kai wajen rabi. Sai an fara raba sitacin da furotin, kamar yadda ake yi wa waken fis. Kamfanin Roquette na Faransa ya buɗe katafariyar masana'antar wannan aikin a Manitoba ta Kanada a 2021, kin ga ba ƙaramin jari ba ne. Akwai hanya mai sauƙi ta niƙa da sheƙewa da iska, ita ce za ta fi dacewa da mu. Kafin nan ana iya haɗa garin waken kaɗan da na suya. Beruwar kuwa a bar ta yadda take, kicin ɗin makaranta zai iya saye yau ba sai an jira inji ba.

Hajiya_Mai_Kicin:
Zinariya, ki turo min yadda ake dafa beruwar ga mutane da yawa, da yadda kuke auna ta. Sani, ina jiran farashin sari in ka samu. Alhaji Mai Kwangila, kai da ka saba da takardun ma'aikatu, in za a rubuta haɗin kashi ɗaya cikin uku a yarjejeniya, da nauyin busasshe ake rubutawa ko bayan ya jiƙa?

Alhaji_Mai_Kwangila:
Bayan ya jiƙa, Hajiya, don shi ne abin da ke shiga kwano. Amma ki rubuta duka biyun, ki sa da yawan ruwan da ake zubawa, saboda ranar da mai binciken makaranta zai zo da sikelinsa.

Dan_Sarkin_Fawa:
Kuma a rubuta cewa kashi biyun da suka rage tsoka ce, ba ganda da tantaƙwashi ba. Nan ma ana cin amanar yara, na sha gani.